Fumfuna a Kan Bencinmu: Laifin Marka ne ko Namu?

Duk wanda ya zaga unguwannin Dutse a tsakiyar watan Agusta, tun daga Garu zuwa Fagoji da Takur, ko kuwa ya bi hanyar Kiyawa ya yada zango a kasuwar Shuwarin, in ya kawar da idonsa daga fuskokin mutane ya dubi abin da suke zaune a kai, zai ga wani al'amari wanda yawan ganinsa ya sa aka daina lura da shi. Bencin majalisa, da na mai shayi, da teburin mai tireda, da kujerun da wani bawan Allah ya ajiye a barandar masallaci saboda tsofaffin da ciwon ƙafa ya hana su zaman ƙasa, duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, waɗansu fari-fari, waɗansu kore-kore, suna ta tashin warin rima, har mutum ya zauna da farar shadda ya tashi da tabo a bayan riga. In ka yi magana, amsa guda ce a bakin kowa: “Ai marka ce, bari kaka ta kama, zai washe da kansa.” In kuwa mai bencin yana da ɗan hali, sai ya aika a kira kafinta, shi kuma ya zo da gwangwani da buroshi ya ce, “Alhaji, a ƙara masa banish kawai, zai koma sabo fil.”

Ni dai ra'ayina, wanda nake so in shimfiɗa hujjojinsa a gaban mai karatu, shi ne amsoshin nan biyu duka kuskure ne, na biyun kuwa ya fi na farkon muni. Fumfuna ba ta fitowa a kan katako sai da sababi, kuma fitowarta shaida ce mai adalci a kan cewa ruwa ya sami mazauni a inda bai kamata ya zauna ba, ko dai tun ranar da aka ƙera abin, ko kuwa saboda irin ajiyar da muka yi masa. Wanda ya bar ta har kaka ya ƙi sauraron shaidar, wanda ya shafe ta da banish kuwa ya toshe mata baki. Markar da muke ɗora wa laifi tana zuwa ne a kan lokacinta kowace shekara, ba ta taɓa yi mana ba-zata ba, saboda haka uzurin da ake kafawa da ita uzuri ne mai rauni.

Ya kamata mu fara sanin abin da muke fama da shi. Fumfuna halitta ce mai rai daga cikin halittun Ubangiji, dangin naman kaza, wadda ƙwayoyin irinta suka yi ƙanƙanta har ido ba ya riskarsu, suna yawo cikin iskar da muke shaƙa dare da rana, rani da damina. Babu gidan da ya rasa su, babu kuma dabarar da za ta raba duniya da su. Iyakar abin da ɗan Adam yake da iko a kai shi ne ya hana su samun sharuɗɗan tsirowa. Sharuɗɗan nan kuwa masana sun daɗe da tantance su, watau laima, da ɗumi, da abinci, da lungun da iska ba ta kai-komo. Idan laimar da ke cikin iska ta haura kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ta kuma yi kwanaki a haka, zafi kuwa yana tsakanin digiri 20 da 35, to an buɗe musu ƙofa, kuma wannan ita ce ainihin siffar Agustanmu. Abincinsu bai wuce ƙurar da ta kwanta a kan benci ba, da kashin tsuntsaye, da maiƙon hannu, da shayin da ya zube ba a goge ba, da wani ruwa mai zaƙi wanda ƙananan ƙwari suke ɗigowa da shi daga ganyen mangwaro, abin da ya sa bencin gindin mangwaro ya fi na fili saurin yin baƙi. A farkon lamari, ashe, ba katakon take ci ba, dattin da ke bisa fentin take ci.

A nan ake bukatar rarrabewa, domin magani yana bin illa ne. Akwai fumfunar da ke kwance a sama, wadda ke ɓata kyan gani amma ba ta rage wa katako ƙarfi ba. Akwai ruɓa, wadda waɗansu 'yan'uwanta ne suke haddasa ta, su kuma cikin naman itacen suke shiga su cinye abin da ke riƙe da shi, har ya koma yana marmashewa a hannu. Akwai kuma baƙin da ke kewaye kan ƙusa, wanda ba shi da rai ko kaɗan, haɗuwar tsatsar ƙarfe ce da ruwan itacen. Gwajin ba shi da wuya. Ɗiga ɗigo ɗaya na bilic, irin su Hypo ko Jik da mata suke wanki da shi, a kan tabon: in ya yi haske cikin minti ɗaya ko biyu, fumfuna ce, in ya tsaya yadda yake, datti ne ko tsatsa. Sa'an nan ɗauki ƙusa ka danna a gindin ƙafar bencin da kuma inda katako ya haɗu da katako. In ta tsaya a sama, da sauran rai. In ta nutse ba tare da ka sa ƙarfi ba, ruɓa ta riga ta shiga, wanki ba zai amfana da kome ba, sai dai a cire wannan gaɓar a sa wata. Gara kuwa, wadda kowa ya san aikinta, har Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin ƙwaron ƙasa da ya ci sandar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ita ma katakon da rima ta tausasa ta fi so, don haka bencin da ya yi fumfuna a Agusta shi ne wanda za a tarar ta yi wa gini a Nuwamba.

Abin da ya sa na ce ƙarin banish ya fi jiran kaka muni yana cikin yanayin ƙasarmu, wanda ya sha bamban da na ƙasashen da aka ƙago banish ɗin. Katako, ko da an daɗe da sare shi, bai daina mu'amala da iska ba: in ta yi laima ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. To, a tsakiyar Jigawa, hunturu yana zuwa da iskar arewa maso gabas mai ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Fabrairu da Maris, katako ya tsuke iyakar tsukewa, gaɓoɓi su saki, ƙusoshi su yi lako-lako. Bazara ta biyo baya da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu, hasken rana ya ratsa banish ɗin, da yake garai-garai ne ba shi da launin da zai tare shi, ya ƙone fatar itacen da ke ƙarƙashi, shi kansa banish ɗin ya bushe ya rasa laushi. Sai ya tsattsage da ƙananan tsaga waɗanda sai an kusanto da ido ake ganinsu, ƙurar hunturu ta cika su. Ranar da ruwan farko ya sauka, a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ta waɗannan tsaga yake shiga, in ya shiga kuwa ba ya samun mafita, domin fatar da aka yi don ta hana shi shiga ita ce yanzu take hana shi fita. Daga nan fumfuna ta koma ƙarƙashin banish, inda tsumma ba ya kai gare ta. Wanda ya zo a tsakiyar marka ya ƙara wani shafi a kan wannan, ya kulle ruwa da fumfuna da abincinta a ɗaki guda, kuma kafin shekara ta zagayo zai ga fatar tana ɓarewa falle-falle. Ko a ƙasashen Turai da Amurka, inda rana ba ta kai tamu zafi ba, masana katako sun tabbatar da cewa banish mai garai-garai da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu a fili bai lalace ba, alhali fenti mai launi yana daɗewa fiye da haka nesa ba kusa ba. Banish kayan ɗaki ne. Son ƙyalli ne ya sa muka fito da shi waje.

Amma akwai wata illa da ta riga wannan, ita ce wadda ta fi damuna, domin ta shafi amana. Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, gari ya yi ta faɗaɗa, ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata suka yawaita, bukatar benci da tebur da kujera ta ninka abin da dazuzzukanmu za su iya bayarwa. Galibin falankin da kafintocinmu suke aiki da shi daga Kudu yake zuwa, daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba, a sauke shi a kasuwannin katako irin na Na'ibawa a Kano, daga can ya iso mana. Da yawansa ɗanye yake isowa, ba a daɗe da tsaga shi ba. Farin katako mai araha, irin su obeche, yana da saurin kama shuɗin tabo tun yana kan mota. Malaina kuwa an san ta da jinkirin bushewa, bayanta ya bushe cikinta yana jiƙe. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce katakon da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta kama shi. Kafinta na ƙwarai ba ya bukatar na'ura kafin ya gane ɗanye: yana da nauyi a hannu, yana da sanyi in an dafa shi, zarto yana cijewa a cikinsa, garinsa yana dunƙulewa maimakon ya tashi, in an ƙwanƙwasa shi kuma ba ya amo. Wanda ya san duk wannan, sa'an nan ya ƙera benci da shi, ya goge, ya malala masa banish har yana ɗaukar ido, ya ce wa mai saye, “Ranka ya daɗe, ya bushe ƙayau,” to ya sani ya yi algus.

Ba ni na ƙago wannan hukunci ba. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya kafa uzuri da cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, aka nuna masa cewa wajibinsa ne ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma yi kashedi mai tsanani ga duk mai ha'inci. Mai karatu ya lura cewa uzurin wancan mutum shi ne namu na yau, ruwan sama, kuma ba a karɓa daga gare shi ba, domin laifin bai kasance a jiƙewar ba, a ɓoyewar yake. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa.

Adalci kuwa ya wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren. Kafintan Dutse ba attajiri ba ne da zai sayi falanki ya jibge wata uku yana jiran ya bushe, kuɗinsa a kwance, iyali suna jiran cefane. Mu masu saye mu ne muke zuwa ranar Talata muna son benci shida kafin sunan Jumma'a, mu taya kayan da farashin da shi da mu duka mun san ba zai sayi katakon kirki ba, mu zaɓi wanda ya fi ƙyalli mu bar wanda ya fi nauyi da ƙwari. Saboda haka ba ina wulaƙanta sana'ar ba ne, sana'ar da hadisi ya tabbatar Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi ta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa ma'abotanta cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su. Abin da nake nema kaɗan ne: kafinta ya ce, “Wannan ɗanye ne, in kana so ka ba ni lokaci, in kana sauri ga abin da zai biyo baya.” Kuma Allah Ya hore mana abin da mutanen Kudu ba su da shi, watau iskar hunturu, wadda in an jera falanki a inuwa, a bisa duwatsu, aka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa, za ta busar da shi cikin 'yan watanni ba tare da an kashe ko kwabo ba. Mai sayar da katakon da zai riƙa ware busasshe ya sa masa farashinsa dabam ba zai rasa masu saye ba.

Kakanninmu, waɗanda ba su san banish ba, sun fi mu fahimtar wannan babi. Masassaƙi yakan zaɓi itace gwargwadon aikin da za a yi da shi: ƙirya domin turmi da taɓarya da ƙota, maɗaci da kawo domin abin da ake so ya daɗe, aduwa domin allon almajiri, giginya domin azara. Yakan kuma bi jar zuciyar itacen da gizagonsa, ya sassaƙe farin da ke bin bayan ɓawo ya zubar, domin a cikin farin nan zaƙin itace yake taruwa, shi fumfuna da ƙwari suke bi. Uwargida in ta gama daka takan kwantar da turmi ko ta kife shi a ƙarƙashin rumfa, ba ta barinsa a tsaye ya tari ruwa. Manomi kuwa bai taɓa ɗora rumbu a kan ƙasa ba sai a bisa duwatsu. Itatuwan nan na masassaƙa sun yi ƙaranci a yanzu, har madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana kaiwa ƙasar Sin, sai da aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2016. Ba ina kiran a koma a ƙarasa sauran ba ne. Ga darbejiya nan, wadda aka fara shukawa a Barno a 1928, yau babu ƙauyen Jigawa da ba ta yi wa inuwa ba, zuciyarta tana da ƙwari, gara ma ba ta cika sonta ba, kuma ana iya sarewa a sake shukawa.

To, wanda bencinsa ya riga ya kamu fa? Ya jira ranar da gari ya washe, ya fito da shi fili inda iska ke kaɗawa, kada ya yi aikin a cikin ɗaki. Ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya sa safar roba a hannu. Ya fara da ruwan omo da buroshi mai laushi, yana bin tsawon itacen, yana kifa bencin domin ya kai ga cikinsa da ƙarƙashinsa, inda abin ya fi yawa kuma ba a dubawa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, in fentin bai tsage ba. In tabon ya ƙi fita, ya zuba kofi ɗaya na bilic a cikin kofi uku na ruwa, ya fara gwadawa a wani lungu da ba a gani domin yana iya kashe launi, sa'an nan ya shafa, ya bar shi kamar minti goma zuwa goma sha biyar ba tare da ya bushe a kai ba, ya ɗauraye da ruwa mai yawa, domin bilic ɗin da ya saura yana cin fatar itace kuma yana sa ƙusa tsatsa. Wanda ba ya son bilic yana iya amfani da ruwan khal ga tabo mai sauƙi. Amma ina roƙon mai karatu da babbar murya, kada ya haɗa su biyun a mazubi guda, kada kuma ya gama bilic da ruwan wanke masai, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu. Soson ƙarfe ma a bar shi a kicin: yana karce fenti, ɓurɓushinsa kuma yana maƙalewa ya zama baƙin tabo. Bayan wanki sai shanya, a inuwa mai iska, kwanaki, ba cikin ranar tsaka ba wadda za ta tsaga shi. Idan fumfunar a ƙarƙashin banish take, ba makawa sai an kankare shi da sanfefa har a kai ga itace mai tsabta, a kuma yi hattara da ƙurar tsohon fentin mai, domin waɗansunsu suna ɗauke da dalma, kada a yi kankarar yara suna kusa.

Wurin da ya fi cancantar ihtimami shi ne gindin ƙafa, inda zarto ya yanke itacen a gicciye, domin ta nan katako yake zuƙar ruwa kamar yadda lagwanin fitila yake jan kananzir, ninki goma ko fiye da yadda yake sha ta gefe, kuma nan ne kafinta ya fi mantawa da fenti saboda ido ba ya kai wa. A cika shi da fenti har ya ƙoshi, a buga masa ɗan yankin tsohuwar taya, a ɗora shi a kan bulo ko falalen dutse, abin da garin Dutse ba zai yi kukan rashinsa ba. Akwai kuma abubuwa biyu da aka ɗauka gata ne, alhali cuta ne. Na farko naɗe kaya da leda ko tamfol har ƙasa: rimar da ke tasowa daga ƙasa takan taru a ciki, rana ta ɗumama ta, a buɗe bayan sati biyu a tarar abin ya fi na wanda aka bari a fili lalacewa, in za a rufe, a rufe sama a bar gefe a buɗe. Na biyu shafa baƙin man inji, wanda gaskiya ne yana korar ruwa da gara, ya dace da dirkar shinge, amma bai dace da abin da mutum zai zauna a kai ko yaro zai dafa ya ci tuwo ba, domin yana ɗauke da gubar da likitoci suka danganta da ciwon dajin fata. Man gyaɗa kuwa ba ya bushewa a jikin katako, ƙura yake kamawa, ya zama abincin abin da ake gudu.

Kada wani ya ce duk wannan wahala a kan kyan gani ne kawai. Mai asma da mai yawan atishawa sun san abin da warin rima yake yi musu, tsofaffi da jarirai kuma ƙirjinsu bai kai na samari juriya ba. Mu da muke noman gyaɗa muna da wani dalili na daban na girmama sha'anin fumfuna, domin wani jinsinta ne yake haifar da gubar da ke lalata hanta, wadda aka gano bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙulin gyaɗar da ya kamu. Saboda haka teburin da ake shanya abinci ko ake sayar da shi a kai ya fi kowane cancantar wanki. Waɗanda ambaliya ta shiga gidajensu, irin ta 2022 a Ringim da Auyo da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja, sun ga bambanci da idonsu: kayan katako na gaske an wanke an shanya sun dawo, amma falankin garin katako da aka manne da gam, wanda kafintoci suke kira MDF, ya kumbura ya wargaje, kuma irinsa bai kamata ya kwana a waje ko dare ɗaya ba. Masu cewa a huta a koma kujerar roba, ina tuna musu cewa ranarmu tana gasa roba har ta karye a ƙarƙashin mutum, kuma karyayyiyar roba ba ta da kafintan da zai ɗora ta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan jama'a, waɗanda kowa yake amfani da su, ba wanda yake ganin nasa ne. Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne daidai tsakiyar marka, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a kulle azuzuwa da tagogi, wani rufin yana yoyo, benci masu ɗan rauni kuma a jibge su a bayan aji, ƙafafu a cikin ciyawa, da niyyar za a gyara in an dawo. Kafin a dawo ruɓa ta gama da su, yara su zauna a ƙasa, a sake rubuta takardar neman sababbi. Haka kujerun masallaci da makarar unguwa, waɗanda waƙafi ne, wani ya fitar da dukiyarsa yana fatan lada mai gudana, ya kuwa yiwu ya riga mu gidan gaskiya. Malaman fiƙihu sun gabatar da gyaran waƙafi a kan rabon amfaninsa, saboda in asalin ya halaka amfanin ya yanke, kuma sun shar'anta a naɗa masa naziri mai kula. Ina ganin ya wajaba kowane kwamitin masallaci da kowace ƙungiyar iyaye da malamai su ambaci mutum guda da sunansa, su ce kai ne mai wannan aiki, su ba shi kuɗin omo da fenti da ƙusa, wanda bai kai kuɗin benci guda sabo ba. Hukumomin da suke ba da kwangilar kujerun makarantu kuma, da hukumar tantance kwangiloli ta jiha, suna iya rubuta busasshen katako cikin sharuɗɗa, su samar wa mai dubawa 'yar na'urar auna danshi, wadda ake riƙewa a tafin hannu a soka a jikin falanki ta nuna lamba nan take. Malaman ilmin gandun daji na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, su ne suka fi dacewa su gwada mana darbejiya da turare da malaina a ƙarƙashin ranarmu da markarmu, su faɗa wa kafintoci da Hausa wanne ya fi daɗewa da kuma irin shafin da ya karɓe shi.

Lokacin kowane aiki kuma sananne ne. Cikin damina, a riƙa goge benci da busasshen tsumma bayan ruwa, a jingina shi a gicciye ya tsane, a matsar da shi daga jikin bango da gindin bishiya. In ruwa ya ɗauke a Oktoba, a yi babban wanki. A bar hunturu ya busar da shi sarai, a ɗaure gaɓoɓin da suka saki, a canja ƙafar da ta ruɓe. Fenti kuwa kada a yi shi ranar da ƙura ta rufe gari, domin za ta manne a jikinsa; a bari sai ta lafa, wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, a yi shi da sassafe a inuwa, fenti mai launi wanda aka yi domin waje, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe kafin a ɗora na biyu, a kuma tabbata an gama kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.